Takardar da Na Karanta wa Baba Tanko

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Yau ce ranar da aka ce masu Windows 10 sun cire hannunsu daga gare shi, ba sauran gyara, ba sauran kariya. Na kunna ordinater, wato kwamfutata, ina jira in ga ko zai faɗi matacce. Ya tashi kamar kullum, da tarinshi da nawarshi. Shekara tara muna tare. Ni kuwa shekara ashirin da biyu ke nan ina zaune a wannan sekretariya ta bakin tashar Tasawa ina buga wa mutane takardu. Mutum ya zo daga ƙauye ya faɗi buƙatarshi da Hausa, in buga da Faransanci, in ɗaga takardar in karanta mashi da Hausa layi bayan layi, sannan ya dangwala yatsa. Ba a taɓa dangwalawa a shagona ba a karanta ba. Da wannan aka san ni har Attantane.

Dole in canza sistem. Shi ya sa na buɗe wannan shafi, in riƙa ajiye abin da aka gaya mani, don kaina ya cika. Ba na duban allo in ina bugu, yatsuna sun san hanya tun zamanin daktilo, injin buga rubutu na da. Ba na kuma komawa in karanta abin da na buga. Ba lokaci.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan Azahar

Baba Tanko na Maijirgi ya zo. Na nuna mashi benci, bai zauna ba.

Sati biyu da suka wuce na buga mashi takardar gona. Maƙwabcinshi na cewa gonar tasu ce, aro aka ba uban Tanko. Tanko na cewa gado ce tun daga kakanshi, kuma kowa a Maijirgi ya sani. Ya buƙaci takardar shaidar gado ya kai wa kwamitin gonaki. Yadda nake aiki, ina da tsofaffin takardu a jere cikin inji, in buɗe wadda ta dace, in canza suna da gari da iyakoki. Na buga, na fitar, na karanta mashi, ya dangwala.

Ranar zama, magatakarda ya karanta ta a gaban jama'a. Takardar aron gona ce. Da sunan Tanko a sama, da yatsanshi a ƙasa, yana shaida da kanshi cewa aro ce. Ya ce maƙwabcin har tashi ya yi tsaye don murna. Tanko ya rantse ba abin da aka karanta mashi ba ke nan, sai suka ɗage zama zuwa shida ga Nuwamba, suka ce wanda ya buga ta ya yi bayani.

Ya tambaye ni yadda aka yi. Na ce birus ne ya shiga inji, yana juya takardu, kuma ga shi ma ina shirin canza sistem gaba ɗaya. Sai ya ce, «To amma Malam, ai ka karanta mani ita.»

Na ce zan duba. Ya kwance jakinshi ya tafi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe goma

Fitilar shagon nan ta rage haske. Hamida ta ce sabuwa ce, ita ta sayo ta da Sallah. Matar mutum dai sai gardama.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan La'asar

Mushe Rayyanu (haka muke kiran malamin boko, mushe) ya zo daga Mayahi a kan motonshi mai ƙafa biyu. Shi ke koyar da ordinater a lise, babbar sakandare ta can, kuma duk Asabar yana shigowa Tasawa gaida mahaifiyarshi. Ya binciki inji kusan awa guda ya ce ba birus ko ɗaya. Na ce ya sake dubawa. Ya sake, ya ce tsaf yake kamar kwanon amarya.

Ya lissafa mani hanyoyi uku. Ko in zauna kan Windows 10, amma ba kariya in ina shiga intanet. Ko in koma Windows 11, amma injina ya tsufa, ba ya ɗaukarshi, sai sabo. Ko kuma Linux, wanda kyauta ne, marar nauyi, tsohon inji na jin daɗinshi. Na ce wanne ya fi? Ya yi dariya ya ce ba haka ake tambaya ba, wai sistem kamar takalmi ne, sai an ga ƙafa. «Mi kake buƙata, Malam Sama'ila?»

Na ce ina buƙatar wanda zai tashi da sauri kafin a ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Wanda zai yarda da injin fitar da takarduna. Wanda zai buɗe tsofaffin takarduna ba tare da ya hargitsa su ba. Ya rubuta duka a ɗan karnenshi, littafin aljihu. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan.

Da zai tashi ya tambayi abin da ya sa haruffan allona suka yi girma haka, kalma huɗu ta cika layi. Na ce don abokan ciniki su riƙa hangowa daga benci. Abokan cinikin da ba su iya karatu ba. Allah na tuba. Ya yi sallama ya tafi, mutumin kirki ne.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan Magariba

Kasuwa. Takarda goma sha ɗaya. Na karanta wa kowa tashi, ba wanda ya yi ƙorafi. Na gaji har cikin ƙashi.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Hamida ta tambaya ko na ɗiga maganin. Na ce na ɗiga. Ta ce kwalbar ba ta ragu ba tun Juma'a. Ta tambayi takardar da likitan Maraɗi ya ba ni watan Agusta, ta ce ranar komawa ta wuce. Na ce tana cikin durowa, kuma ina da aiki gabana, maganar sistem ba ƙaramar magana ba ce.

Ta ajiye mani shayi ta fita. Na kai hannu na ture kofin. A gefen hagu ta ajiye, ba nan take ajiyewa ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, hantsi

Na tsaya shagon Abdul Razak mai sayar da ordinatocin da aka yi amfani da su, na ce ya nuna mani Windows 11. Ya kunna wani siriri mai ƙyalli, yana ta yabo, wai dubi launi, dubi yadda komai ya zauna tsakiya. Na sunkuya na ce lalle ya yi kyau. Wani fari-fari na gani, da shuɗi a gefe. Ya faɗi kuɗin, na yi mashi godiya. Ko da ina da su, ba ƙyalli nake nema ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan Azahar

Saura sati biyu.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan La'asar

Rayyanu ya zo da Linux cikin kile, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin inji. Ya ce ba sai an fomate an goge komai ba, ana iya ɗanɗanawa daga kilen, in bai yi mani ba a cire, komai ya koma yadda yake. Gaskiya ya yi sauri. Injin da ke ɗaukar tsawon alwala kafin ya tashi, yau kafin in gyara zama ya buɗe. Injin fitar da takarda ma ya amsa ba gardama. Rayyanu sai murna yake, kamar shi ya ƙera shi.

Ya ce in zauna in gwada. Na zauna. Na danna abin da nake dannawa shekara tara, wani abu daban ya buɗe. Na sake, wani ya rufe. Ashe ni ba da ido nake tafiya cikin injina ba, da ƙirga nake: sau uku ƙasa, sau ɗaya dama, in danna. Haka nake zuwa ko'ina. A nan an kwashe komai an sake jerawa, kamar ka shigo ɗakinka ka tarar an juya gado da tabarma. Rayyanu na cewa ga shi nan a gabanka, Malam, a kusurwa. Ni ina ta yawo da linzami ban san inda kibiyar take ba.

Na ce kaina ke ciwo. Ya cire kilen. Ya sake tambayata mi nake buƙata, wai ko akwai abin da na manta. Na ce ina buƙatar wanda birus ba ya shiga. Ya ce wannan ai shi ne, kuma dai nawa ma ba birus. Na ce zan yi tunani.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan La'asar

Na ji muryar Baba Tanko a bakin tasha yana cinikin wake. Bai shigo ba. Ni ma ban leƙa ba.

Wata mata daga El Allassane Mairairai ta kawo wasiƙar hannu da ɗanta ya aiko, in karanta mata. Na ce kuran ya tafi, shago ya yi duhu, ta kai wa mai kanti na gaba. Kuran bai tafi ba, fanka na juyawa a kanmu.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe tara

Na fara buga bayanin da kwamiti ke so. Na rubuta cewa wata matsala ta inji ce ta musanya takardun. Na goge. Na rubuta cewa kuskuren fitarwa ne. Na goge. Duk yadda na juya shi, tambayar Tanko na nan zaune. In inji ya musanya, to mi na karanta mashi? Ko dai na ga aro na ce gado, wato an saye ni. Ko kuma ɗayan.

In na bar su da zancen birus, ba wanda zai yarda, takardar aro ta tsaya, gonar ta tafi. Damman gero ɗari da wani abu yake samu a gonar nan, baki goma sha huɗu ke ci. In na faɗi ɗayan, wa zai sake dangwala yatsa a shagona?

Linux ko Windows. Wai wannan ne ke hana ni cin tuwo.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ban buɗe shago ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan Azahar

Hamida ta ce na rame. Ta ce ita ba ta san sistem ba, amma ba ta taɓa ganin inji ya sa mutum ya riƙa lalube bango kafin ya sami ƙofar gidanshi ba. Na yi mata tsawa. Shekara talatin ban yi mata irin wannan ba. Ta ci gaba da tankaɗen garinta. Kunya ta ishe ni, kuma tsoro nake ji, gara in rubuta shi tunda ba mai karantawa.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan La'asar

Rayyanu ya zo da kile biyu da karnenshi, ya ce yau sai mun yanke, don sati mai zuwa suna jarrabawa. Ya buɗe shafin ya karanto abin da na lissafa mashi, ya ce duka Linux ya cika su. Sannan ya rufe karnen. Ya ce shi fa ya gaji da auna takalmi ba a nuna mashi ƙafa ba.

Na tura ƙofar shago. Na ce, «Mushe, ina buƙatar wanda zai karanta mani.»

Ban san yadda fuskarshi ta yi ba. Na ji dai ya ja kujera kusa. Ya tambaya tun yaushe. Na ce tun bara ganina ya fara dushewa daga gefe, tun damina tsakiyar ma ta bi. Na gaya mashi yadda nake yi: abin da na buga yana cikin kaina, sai in ɗaga takarda kusa da fuska in zubo shi daga ka. Shekara guda ina haka ba a kama ni ba, don ban taɓa mantuwa ba. Ranar Tanko ƙirgata ce ta goce, na sauka sau huɗu maimakon uku. Takardar aro na ƙarƙashin ta gado.

Ya ja ni gaban injin. Daga nan ya kama hannuna ya ɗora yatsuna kan maɓallai uku, ya ce in danna tare. Sai wata murya ta fito daga cikin injin, muryar mace, tana Faransanci, tana faɗin sunan duk abin da na taɓa. Na sauka ɗaya, ta faɗi. Na sauka biyu, ta faɗi.

Na ce yaushe ya sa wannan? Ya ce bai sa komai ba, tana ciki tun ranar da na sayi injin. Linux ma na da tashi, sabon Windows ma haka. Amma tunda yatsuna sun haddace wannan, wannan ne nawa. Ya ce in cire shi daga intanet kwata-kwata tunda ba kariya, aikina ba ya buƙata, in aika saƙo ne ga waya. Asabar uku ina wahalar da bawan Allah daga Mayahi, ashe abin na ƙarƙashin hannuna.

Na ce ya buɗe takardar Tanko. Ta karanto ta tun daga sama, a natse, ba ta tsallake komai ba. Yau ne na fara jin abin da ke ciki.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, ƙarfe shida da rabi na safe

Rayyanu ya bar mani ekuter, ya ce in na sa a kunne ba wanda zai ji. Na juya shi a hannu tun jiya. Da shi sai in ƙara shekara biyu, ko uku, ba wanda ya sani. Sai dai ba zai amsa wa kwamiti tambayarsu ba.

Na sa ta karanta mani wannan shafin don gwaji. Hausa a bakin Bafaranshiya, kai, har na yi dariya ni kaɗai. Da ta kai wajen birus na tsayar da ita.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan Azahar

Na buga biyu. Takardar gado ta Tanko, na saurare ta sau uku. Da bayanina. Layi tara ne kawai. Na sa sunan ciwon kamar yadda likita ya rubuta, Hamida ce ta ɗauko takardar daga durowa ta aika wa Rayyanu hotonta ta waya ya karanto mana. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi mani sauƙi.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan Magariba

Mun je. Hamida ta raka ni har bakin ƙofa ta zauna wajen mata. Magatakarda ya karanta bayanina da Faransanci, sannan ya fassara da Hausa, don kowa ya ji. Wurin cike yake, mutanen Maijirgi sun zo amalanke uku. Da ya kai wajen cewa na yi shekara ina karanta wa mutane daga ka, sai na ji guna-guni ya tashi ta baya. Wani ya ce shi ma a wajena ya yi takardar filinshi. Wani ya ce shi ma.

Maƙwabcin Tanko ya ce ƙarya ce, an haɗa baki. Shugaban zama ya miƙo mani wata takarda ya ce in karanta layin farko. Na riƙe ta. Na kusantar, na nisantar. Wani daga gaba ya ce a hankali, a juye take, Malam.

An soke takardar aro. An saurari dattawan gari, gona ta tsaya hannun Tanko. Ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu. A hanya Hamida ta ce ranar Laraba za mu Maraɗi, ba tambayata take ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, hantsi

Mutum biyar sun zo da tsofaffin takardunsu a duba. Na nemo kowace a inji, muryar ta karanta a fili, duka daidai suke. Sun yi godiya. Ba wanda ya kawo sabon aiki.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ba kowa. Na share shago sau biyu.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan La'asar

Kasuwa ta ci ta watse, takarda ɗaya na buga.

Wajen Azahar na ji an ɗaure jaki a bakin shago, sai sallamar Baba Tanko. Ya zauna kan benci. Mun gaisa har da tambayar iyali da kaka, ya ce gero ya yi auki bana. Ya ce jikarshi za ta shiga lakwal, makarantar boko, ba ta da takardar haihuwa, yana son a buga mashi buƙata zuwa meri, ofishin magajin gari. Ya wuce sekretariya biyu kafin ya iso tawa, na sani, don suna kan hanyarshi. Daɗi ya kama ni.

Na buga. Na ƙara murya yadda zai ji, ta karanta, ina tsayar da ita layi-layi ina mayar mashi da Hausa. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce wannan matar ta cikin inji ta iya karatu, sai dai shi ba ya jin yarenta, abin da na ce ta ce shi ne dai ya ji. Na ce haka ne.

Na fitar da takardar, na buɗe tawada na tura gabanshi. Na jira. Sai na ji ƙarar ninke takarda, sau ɗaya, sau biyu, da motsin aljihu.

«Bari in kai wa mushen lakwal ɗinmu ya duba tukuna, Malam. Ba don komai ba.»

Na ce ya yi daidai, Baba, ni ma da haka zan yi. Ya biya, ya yi mani addu'ar samun sauƙi, ya fita. Na zauna ina jin amalanken jakinshi har ya sha kwanar tasha, sannan na lalubo murfin na rufe tawadar kar ta bushe.